Kekunan Madarunfa: akwai munin aiki, akwai munin halaka

Madarunfa tana kudu da birnin Maraɗi. Tsakaninsu bai fi kilomita 25 ba. Ita ce babban garin gundumar da ta haɗa Jiratawa, Safo, Sarkin Yamma, Gabi da Ɗan Isa. Ƙasa ce ta fadama da jigawa. Gulbin Maraɗi ya ratsa ta. Gulbin Gabi kuma yana zuba ruwa cikin tabkin da ke gefen gari. Tabkin nan ya fi hekta 500. A shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa na duniya da ake kiyayewa, waɗanda ake kira Ramsar. Mutanen gari suna cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da shi. Don haka baƙi ke zuwa ziyara.

Amma baƙon da ya zo ranar kasuwa, kafin ya ga tabki zai ga kekuna. Tun da sassafe suke shigowa ta kowace hanya. Da wuya a ga guda biyu masu kama da juna. Wani ba shi da murfin taya. Wani fedarsa ta itace ce. Wani an naɗe sirdinsa da tsumma da roba. Wani an ɗaura masa sanduna tsaye a baya, sai ka ce ƙahonin sa. Wani kuma an ƙara masa ƙarafa har ba a gane sunan kamfanin da ya ƙera shi.

Ɗan birni yakan gan su ya yi dariya, ya ce akwala ce. Mahayan Madarunfa su ma suna dariyar wasu kekunan. Amma abin da ke ba su dariya daban ne. Su suna da nasu ma'auni. Ya kamata manomi da makiyayi su san wannan ma'auni, domin kuɗin keke kuɗin gumi ne, kuma wanda ya hau shi ya ɗora ransa a kai.

DAGA INA SUKA FITO?

Keke irin wanda aka sani yau, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, a Ingila aka fara yinsa. Wani mutum mai suna John Kemp Starley ne ya fito da shi a 1885. A 1888 John Dunlop ya yi tayar da ake hura wa iska. Tsofaffi a ƙasar Hausa suna kiran keke basukur. Wasu kuma suna ce masa dokin ƙarfe.

A zamanin cinikin gyaɗa, wajen 1950 zuwa 1970, kuɗi sun shigo ƙasar Maraɗi. Manomin da gyaɗarsa ta yi kyau yakan sayi keke bayan kaka. Wanda aka fi so shi ne Raleigh, wanda mutane ke kira Rali. A birnin Notingam na Ingila ake ƙera shi. Kamfanin ya taɓa samun wurin harhaɗa kekuna a Kano. Ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa kaya irin wannan ke shigowa. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa, don sun fi araha. A 2002 kamfanin Raleigh ya daina ƙera keke a Notingam. Yanzu kuma ga kekunan gwanjo da ake kawowa daga ƙasashen waje, masu giyar canja gudu.

Duk waɗannan kekuna abu guda ya haɗa su. Waɗanda suka ƙera su ba su san hanyar Gabi ba. An yi su don mutum guda da ɗan ƙunshinsa, a kan hanya mai kyau. A nan kuwa ga rairayi, ga ƙaya, ga tsidau, ga laka da damina. Ga buhun hatsi mai tiya 40, wato kilo 100. Keken da ya fito kanti da ƙyallinsa ba zai iya wannan aiki ba. Sai an kai shi wurin mai walda da maƙeri. A nan ne yake rasa kyansa, ya sami ƙarfinsa.

An yi zamanin da ake cewa babur ya kashe kasuwar keke. Amma a watan Mayu na 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur. Man da 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe a bakin hanya ya yi tsada. Keke ba ya shan mai. Ba ya cin dusa, ba ya cin harawa. Abincinsa ɗan baƙin mai a sarƙa da iska a taya.

KOWACE SANA'A DA KEKENTA

Wanda ya san kekuna, da ya dubi ɗaya a jingine zai faɗi sana'ar mai shi, ko da mai shi ba ya nan.

A fara da Jiratawa, tsakanin Maraɗi da Madarunfa. Nan ne filin noman rani da aka san shi da zogale. Zogale da salad da ganyen albasa ba su da nauyi, amma suna da cika wuri. Saboda haka keken ɗan garka yana da kariya mai faɗi. Akan shimfiɗa katako ko sanduna a kanta, ta yi kamar gado. In an ɗaure buhuna, daga baya ba a ganin mahayi, sai kaya ke tafiya. Irin wannan keke ba ya son iska. In iska ta bugo daga gefe, sai mahayi ya sauka ya tura.

A bakin tabki ana ganin keken mai kifi. An yi masa zoben ƙarfe a kan kariya, inda ake zaunar da daro ko kwando. Ruwan karfasa da tarwaɗa yana zuba a kansa kullum. Don haka bayansa ya yi ja da tsatsa, ƙudaje na binsa. Amma a taɓa sarƙarsa a gani. Kullum da mai. Mai kifi ya san kayansa ba sa jira. In sarƙa ta tsinke da rana tsaka, kifi ya lalace, uwar kuɗi ta tafi.

Ta wajen Gabi ne dajin Baban Rafi yake. Tun dokar 1992 aka kafa kasuwannin itace na karkara, domin mutanen ƙauye su kula da daji, su ci amfaninsa. Keken mai itace shi ne mafi muni duka. An cire masa kariyar kamfani. An yi masa wata da rodin gini. Ƙafafunta sun sauka har kan ƙarfen tsakiyar tayar baya. An kafa sanduna biyu ko huɗu a tsaye don tare itace. Sau da yawa ba a hawansa in da kaya. Turawa ake yi. Sai an sauke itace a gari mai shi ya hau ya koma gida. A shekarun nan 'yan bindiga sun dami yankin iyaka, har 'yan gudun hijira daga Nijeriya suka shigo jihar Maraɗi da yawa a 2019. Mai hankali ba ya yarda dare ya same shi a daji saboda lalacewar keke.

Sai keken mai ruwa. An yi masa ƙugiyoyi a gefe da gefe don rataya jarka. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Jarka 4 kilo 100 ke nan. Jarka 6 kuwa kilo 150. Gwanin mai ruwa yana rataya su ƙasa-ƙasa, hagu da dama daidai. Kaya in sun yi ƙasa, keke ya natsu. In sun yi sama, ƙaramin rami ya isa ya kayar da shi.

Makiyaya su ma ba a bar su baya ba. Akwai keken da ke kawo madara daga ruga da safe. Akwai mai akurkin kaji da zabi. Akwai mai kwando inda ake kwantar da akuya ko ɗan tunkiya zuwa kasuwa. Da rani kuma ana ganin keken da ya ɗauko harawa ko karan dawa, ya cika hanya kamar raƙumi.

A cikin gari akwai mai burodi da akwatinsa, da mai ƙanƙara da tulunsa na roba. Akwai mai wasa wuƙa, wanda ya ɗaura dutsen wasa a gaban sirdi. Yana kafe keke, yana juya feda, dutse na juyawa. Akwai kuma keken guragu mai ƙafa uku. Da gargaren keke da sarƙar keke ake haɗa shi, amma an ɗauke feda an kai ta sama, ana juya ta da hannu. Mutane da yawa da shan inna ta kama tun suna yara da shi suke zuwa kasuwa da masallaci. Ba kamfanin waje ne ya yi musu shi ba. Mai walda ne na unguwa.

WASU DABARU NA MASU GYARA

Ƙaya ita ce babbar abokiyar gabar mai keke. Wasu sukan yanke gefen tsohuwar taya, su shimfiɗa ta cikin sabuwa. Keke yana ƙara nauyi, amma faci yana raguwa. In taya ta yage a daji, akan naɗe wurin da igiyar roba. Tana tafiya tana tsalle kamar mai ɗingishi, amma tana kai mutum gida.

In robar feda ta cinye, kafinta ya sassaƙa ta itace. In robar birki ta ƙare, a yanko daga tsohuwar tayar mota. Ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar gaba, shi ma akan ƙara masa rodi biyu don kada ya lanƙwashe.

Akwai kuma dabarar haƙora. Sarƙa tana tafiya ne a kan faranti biyu masu haƙora, babba wajen feda, ƙarami a tayar baya. A ce babban yana da haƙori 44, ƙaramin yana da 18. In feda ta zagaya sau ɗaya, babban keke ya ci kusan mita 5 da rabi. In aka canja ƙaramin aka sa mai haƙori 22, zai ci kusan mita 4 da rabi kawai. Gudu ya ragu, amma feda ta yi sauƙi. Mai ɗaukar kaya wannan yake so. Gwiwarsa ta huta, sarƙarsa ta daɗe.

MASU ADO

Ba duk baƙon abu a jikin keke ne na aiki ba. Akwai na ado. Wani saurayi yakan naɗe kekensa duka da leda mai launi. Ya sa madubi huɗu, ƙararrawa biyu, da furannin roba a kai. Ya yi wa sirdi riga mai geza. Ya sa ƙwallayen roba a wayoyin gargare don su riƙa ƙara. Wani har rediyo yake ɗaurawa. Wani kuma ba ya cire takardar da aka naɗo keke da ita daga kanti, don a san sabo ne.

Wannan ba laifi ba ne. Mai doki ma yana yi wa dokinsa kwalliya ranar salla. Mai keken itace yakan yi wa mai ado ba'a, ya ce amarya ya hau. Mai ado ya rama, ya ce gara amarya da jakin ƙarfe. A yi dariya a wuce. Abin da dattawa ke ƙi guda ne: a sayi madubi huɗu a bar birki babu roba.

YADDA AKE YANKE WA KEKE HUKUNCI

A gindin itacen mai faci ne kekuna ke shan shari'a. Masu jiran gyara suna zaune, kowa da bakinsa. In an saurara da kyau, alƙalan kashi uku ne.

Na farko samari da 'yan makaranta. Su ido ne ma'auninsu. Suna son launi, da giya, da rashin nauyi. Keken gwanjo mai giya shi ne gwaninsu. Gaskiya yana da daɗin hawa, yana da gudu. Amma in giyarsa ta lalace a ƙauye, kayan gyaransa wuya gare su. Sau da yawa sai mai gyara ya cire giyar duka, ya rage sarƙa, ya mai da shi mai gudu ɗaya. Sai a ga wayoyi na reto, ba abin da suke ja.

Na biyu masu ɗaukar kaya. Su tambayarsu guda ce: me yake ɗauka, kuma sau nawa ya kwana a hanya? Ba ruwansu da fenti. Sun fi son tsohon baƙin keke mai sanda biyu a tsakiya. Sukan danna kariya da ƙarfi su ga ko tana motsi. Sukan duba tayar baya, don ita ke shan wahala. A wurinsu, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na uku masu gyara. Su da kunne da hannu suke aiki. Ga yadda suke yi.

Mai gyara yakan ɗaga gaban keke kaɗan ya sake shi. In ya ji kwaramniya, akwai abin da ya kwance. Keke mai lafiya ƙara ɗaya yake yi ya yi shiru.

Yakan juya taya ya zuba mata ido. In gargare yana rawa hagu da dama, ya karkace. Sai ya taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai kaɗa gurmi. Wadda ta yi sako-sako muryarta daban ce. In waya ɗaya ta tsinke aka ƙyale ta, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su ma su bi ta.

Yakan kama taya ya girgiza ta gefe da gefe. In tana motsi, boris ya cinye ko ya kwance. Haka yake yi wa feda.

Yakan tsaya bayan keke ya rufe ido ɗaya. Tayar gaba da ta baya dole su zama a layi guda. In ba haka ba, keken ya taɓa yin karo, jikinsa ya murɗe. Irin wannan yana ja gefe guda, yana cin taya, yana gajiyar da hannu.

Daga ƙarshe yakan shafa wuyan keke, inda ƙarafa suka haɗu a ƙasan kai. In fenti ya tattare a wurin, ƙarfe ya taɓa lanƙwashewa. In kuma an yi wa tsohon keke sabon fenti mai kauri, mai gyara ba ya murna. Yakan tambayi abin da aka rufe. Wannan shi ake kira kyan ɗan maciji.

Makiyayi ba zai yi mamakin wannan ba. Shi ma in zai sayi sa, ba launin gashi yake fara dubawa ba. Haƙori yake dubawa, da kofato, da tafiya. Manomi in zai sayi jaki, baya da ƙafa yake dubawa. Keke ma haka ne.

BA MADARUNFA KAƊAI BA

Kada mai mummunan keke ya ji kunya. A ƙasashe da yawa talakawa sun yi irin wannan dabara.

A ƙasar Biyetnam, a 1954, an yi babban yaƙi da sojojin Faransa a wani kwari mai suna Diyen Biyen Fu. Duwatsu da daji sun kewaye wurin. Faransawa sun ɗauka ba wanda zai iya kawo wa abokan gabarsu abinci ta wannan hanya. Sai mutanen ƙasar suka tara kekuna kimanin dubu 20. Wasu ma ƙirar Peugeot ne na Faransa. Suka ƙara musu ƙarfi da itace da ƙarfe. Suka ɗaura sanda a kai don juyawa, wata a wajen sirdi don turawa. Keke guda yakan ɗauki kilo 200 na shinkafa, wani ma fiye. Ba hawa ake yi ba, turawa ake yi, kamar mai itacen Gabi. A watan Mayu na shekarar Faransa ta sha kaye.

A iyakar Uganda da Kenya kuma, samari sun ɗaura matashi a kan kariya suna ɗaukar fasinja daga wannan iyaka zuwa waccan. Daga nan sunan boda-boda ya fito. Yau sunan ya koma kan babur, kamar kabu-kabu a nan.

Akwai ma wata ƙungiya mai suna World Bicycle Relief da aka kafa a 2005. Ta ƙera wani keke mai suna Buffalo don karkarar Afirka. Mai nauyi ne, mai kaurin ƙarfe, kariyarsa na ɗaukar kilo 100. Wato abin da masu ilmin ƙira suka zauna suka zana, shi ne abin da mai waldar ƙauye ya daɗe yana yi da rodin gini.

MUNIN DA KE KAI MUTUM ASIBITI

Amma a yi hattara. Ba kowane mummunan keke ne abin yabo ba. Akwai munin da aiki ya kawo. Akwai munin da sakaci ya kawo. Mahayan kirki suna girmama na farko, suna tsoron na biyu.

Na ɗaya, rashin birki. Wasu sun cire shi duka. In za su tsaya sai su danna tayar gaba da takalmi, ko su ja ƙafa a ƙasa. A rairayi wannan yana yi. Amma a kan kwaltar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, inda manyan motoci ke wucewa, ba ya yi. Mutum mai kilo 60 da kaya kilo 100, takalmi ba ya tsayar da su. Ko mai birki ma ya sani, in gargare ya jiƙe da ruwa birki ba ya kamawa da wuri.

Na biyu, muguwar walda. Ƙarfen jikin keke bututu ne marar kauri. A tsofaffin kekuna, da tagulla aka liƙe gaɓoɓinsa. Waldar lantarki tana da zafi ƙwarai. In mai walda ba gwani ba ne, sai ya ƙone bututun. Wurin ya yi tudu kamar ya yi ƙarfi, alhali gefensa ya mutu. In kariya ta karye, kaya ne suka zube. Amma in wuyan keke ko ƙarfen tayar gaba ya karye ana gudu, da fuska mutum ke sauka. Wanda ya tsage a wurin nan, canja shi ake yi. Haka kuma huda jikin keke don ɗaura wani abu yana rage masa ƙarfi.

Na uku, rashin fitila. Masu garka da masu kifi da asuba suke fita. 'Yan kasuwa kuma bayan magariba suke komawa. Baƙin keke da baƙar riga a cikin duhu, direba ba ya ganinsu sai ya zo kusa. Ƙaramar tocila a gaba, da jan abu mai ƙyalli a baya, ba su kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. In kaya sun rufe bayan keke, a liƙa mai ƙyallin a jikin kayan.

Na huɗu, sanduna da rodi masu tsini. Bakin rodin da ya fito a gefen kariya yana yage ƙafar mai tafiya a kasuwa. A lanƙwasa shi ko a goge shi.

Na biyar, goyon yara. Yaro in an goya shi a kariya, ƙafarsa tana iya shiga cikin wayoyin taya. Ciwo ne mai wuyar warkewa. A yi masa wurin taka ƙafa, a rufe gefen tayar da katako ko roba. Wannan ƙari ne da ke ƙara wa keke muni, amma uba na gari ba ya ƙin sa.

Na shida, man fetur a jarka. Ana ganin masu ɗauko shi a keke ta hanyoyin iyaka. In jarka na yoyo, ƙaramar wuta ta isa. Ribar ba ta kai asarar ba.

GA MAI NIYYAR SAYE BAYAN KAKA

In an sayar da wake ko aya ko ɗan bunsuru, aka yi niyyar sayen keke, ga abubuwan da masana ke ba da shawara a kai.

1. Mutum ya fara sanin aikin da keken zai yi. Na zuwa makaranta daban, na ɗaukar buhu daban.

2. A tafi da mai gyara wanda aka yarda da shi. Ɗan abin da za a ba shi bai kai asarar sayen murɗaɗɗen keke ba.

3. A zaɓi irin wanda ake samun tayarsa da sarƙarsa da boris ɗinsa a kasuwar kusa.

4. A hau shi a gwada. A kama birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya.

5. A daidaita sirdi. In an ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana kawo ciwon gwiwa.

6. A duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen keke. A rubuta ta a takarda, da sunan mai sayarwa, da kuɗin, da ranar, a gaban shaidu. Wanda ya iya karatu da rubutu yanzu zai iya yin wannan da hannunsa. Ranar da aka sace keke, ko aka ce na sata ne, takardar nan ce za ta yi magana.

7. A rage wani abu cikin kuɗin don famfo, da sifana, da sholisho, da fitila. Ado ya biyo baya.

Keken da ke kai zogale Maraɗi, ya kai marar lafiya asibiti, ya kai yaro makaranta, ya dawo da mai shi gida lafiya, ba mummuna ba ne, ko da fedarsa ta itace ce. Wanda ke ƙyalli babu birki, shi ne akwala. Haka mahayan Madarunfa ke auna keke. Kowa ya duba nasa kafin kasuwa mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya.